Daga riƙe raket zuwa zaman benci: fashin baƙi kan tafiyar Yannick Noah

Idan ka ambaci Yannick Noah a fadar matasa nan Yamai, akasari za a ce maka mawaƙi ne, mai kitson rasta da ke hawa dandali ba takalmi. Waɗanda suka ɗan manyanta za su ƙara da cewa ɗan asalin Kamaru ne da ya taɓa cin Roland-Garros, babbar gasar tanis ta Paris. Masu bin ƙwallon kwando kuma su ce ai mahaifin Joakim ne, tsohon ɗan wasan Chicago Bulls. Duk haka ne. Sai dai akwai wani lissafi a rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba. Lokacin da raket ke hannunsa, cikin manyan gasa huɗu da duniyar tanis ke ji da su, sau ɗaya tak ya ɗauki kofin ƴan ɗai-ɗai. Da ya koma gefe ya zauna kan benci, sai ya kawo wa Faransa kofin ƙasashe har sau huɗu: Kofin Davis na maza a 1991 da 1996 da 2017, da Kofin Fed na mata a 1997. Me mutum yake ɗaukowa daga shekarun wasansa da zai amfani wani? Kuma me ya sa wasu da suka fi Noah kofuna nesa ba kusa ba suka gwada horarwa abin ya gagare su?

An haife shi ranar 18 ga Mayun 1960 a Sedan, arewacin Faransa. Mahaifinsa Zacharie ɗan ƙwallon ƙafa ne daga Kamaru, yana cikin ƴan wasan Sedan da suka ci Kofin Faransa a 1961. Rauni ya datse masa wasa, a 1963 ya kwashe iyalinsa suka koma Yawunde. A can yaron ya fara buga tanis. A 1971 Arthur Ashe, Baƙar fatar Amurka da ya ci US Open a 1968, ya biyo ta Yawunde a wani rangadi na Afirka. Ya buga da yaro mai shekara 11, ya ga abin da ya gani, ya ba shi raket, sannan ya tuntuɓi Philippe Chatrier, wanda ke da faɗa a ji a hukumar tanis ta Faransa. Shekara na zagayowa aka kai Noah makarantar wasanni ta Nice, shi kaɗai, iyayensa na Kamaru. A 1978 ya ci gasarsa ta farko a Manila, a shekarar kuma suka buga wasan bibbiyu tare da Ashe ɗin a Wimbledon.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda sana'ar take, don ta sha bamban da ƙwallon ƙafar da muka saba. Ɗan ƙwallo yana da kulob. Albashinsa na shiga ko ya buga ko yana jinya, kulob ne ke biyan jirgi da otal da likita, kulob ne kuma ke ɗauko koci ya ɗora masa. Ɗan tanis shi ne kamfanin kansa. Abin da ya ci a fili shi ne kuɗin shigarsa, kuma daga ciki zai biya tikitin jirgi da masauki da mai ɗaure masa igiyar raket da mai tausa. Matsayinsa a jadawalin duniya ya dogara ne kan makin da ya tara cikin makonni 52 da suka wuce, ma'ana nasarar bara tana goge kanta bana idan bai maimaita ba. A manyan gasa huɗu, gurabe 128 ne, kusan 104 na waɗanda jadawali ya ba su kai tsaye. Wanda ya samu shiga Roland-Garros ta 2025 aka fitar da shi tun zagayen farko ya tafi da yuro 78,000, wajen miliyan 51 na sefa. A can ƙasa kuwa, a ƙananan gasa da matasa ke farawa da su, dala 15,000 ce ake raba wa duk ƴan wasan baki ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗaruruwan ƙwararru da ke yawo ƙasa-ƙasa suna cin bashi. Mafi yawan masu horarwa na duniya daga cikinsu suke fitowa.

Sannan ga abin da ya fi ɗaure kai: a tanis ɗan wasa ne ke ɗaukar koci aiki, shi ke biyansa, shi ke sallamarsa. Dattijo mai shekara 50 zai ce wa yaro mai shekara 22 ya tashi da asuba ya yi gudu, ya rage dare, ya canza yadda yake riƙe raket, alhali albashinsa na aljihun yaron. Wanda ya cika faɗar gaskiya yana iya rasa aikinsa kafin ƙarshen wata. Wanda ya cika lallashi kuma ya koma ɗan rakiya mai ɗaukar jaka. Yawancin rabuwar da ake ji tsakanin ƴan wasa da masu horar da su daga nan take tasowa.

Noah ya yi sa'ar samun mutum guda da ya daɗe tare da shi, Patrice Hagelauer. Da shi ya shirya Roland-Garros ta 1983. A zagayen kusa da na kusa da ƙarshe ya fitar da Ivan Lendl, turmi na huɗu ma 6-0 ya yi masa, kuma turmi ɗaya da Lendl ya ƙwata shi kaɗai Noah ya rasa a duk gasar. Ranar 5 ga Yuni ya haɗu da Mats Wilander na Siwidin, mai riƙe da kofin. Wilander irin ƴan wasan nan ne da ke tsayawa can baya suna mayar da ƙwallo har ka gaji ka yi kuskure. Noah ya ƙi biye masa, ya riƙa kutsawa bakin raga yana datse ƙwallon tun tana sama. Aka tashi 6-2, 7-5, 7-6. Mahaifinsa ya diro daga wurin ƴan kallo suka rungume juna a tsakiyar jar ƙasa. Rabon Bafaranshe namiji da wannan kofi tun Marcel Bernard a 1946, kuma daga Noah ba a sake ba.

Abin da ya faru bayan nan, a ganina, ya fi nasarar kanta tasiri kan irin jagoran da ya zama. Yana da shekara 23 ƙasa guda ta ɗora masa ido. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa watannin da suka biyo baya ya shiga ƙunci mai tsanani, har ya bar Paris ya koma New York don ya samu sarari. Ya ci gaba da wasa mai kyau: ya tara kofuna 23 na ɗai-ɗai, ya kai na 3 a duniya a 1986, ya zama na 1 a wasan bibbiyu a shekarar. Amma bai sake kai wasan ƙarshe na babbar gasa shi kaɗai ba, a Wimbledon ma bai taɓa wuce zagaye na uku ba. Don haka ya ajiye raket yana sane da abu biyu a jikinsa. Ya san yadda mutum ke kaiwa ƙololuwa na mako biyu idan ya tattara komai nasa wuri guda. Ya kuma san yadda tsoro da nauyin idon jama'a ke cinye ɗan wasa daga ciki alhali hannunsa da ƙafarsa lafiya lau.

Kalmar mai horarwa a tanis aiki uku ta ƙunsa, kuma rikita su ne ke sa a yi wa mutane hukuncin da bai dace ba. Akwai mai gini, wanda ke karɓar yaro tun yana ƙarami ya koya masa riƙo da taku da bugu, shekara da shekaru. Toni Nadal, baffan Rafael, shi ne misalin da kowa ya sani, kuma bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa na duniya ba. Akwai tsohon zakara da ake ɗaukowa don ya ƙarasa aikin da ya kusa kammala. Akwai kuma kyaftin na ƙasa, mai zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna. Noah na ukun ne. Kujerar kyaftin tana da wata dama da sauran ba su da ita. Shekaru da dama doka ta hana koci ya ce uffan ga ɗan wasansa ana cikin wasa. Masu kallo za su tuna wasan ƙarshe na US Open a 2018, inda alƙali ya gargaɗi Serena Williams saboda kocinta Patrick Mouratoglou ya yi mata alama da hannu daga wurin zama. Sai daga 1 ga Janairun 2025 hukumar tanis ta duniya ta halatta magana daga gefen fili a dokarta. Amma a Kofin Davis, tun can kyaftin a cikin fili yake zama, kafaɗa da kafaɗa da ɗan wasansa.

Ka lura da wannan zaman idan ana nuna shi a tele. Daƙiƙa 90 ce kawai idan za a sauya gefe. Ɗan wasa ya zo ya zube kan benci, numfashi sama-sama, ya lulluɓe kai da tawul, hannunsa na rawa wajen buɗe butar ruwa. Ba wanda zai gyara wa mutum bugu cikin daƙiƙa 90. Abin da za a iya shi ne a karanci fuskarsa a san ko magana yake buƙata ko shiru, ko tsawa ko dafa kafaɗa. Noah yakan durƙusa gaban ɗan wasa, ya kusanto da fuskarsa, ya sa shi ya dube shi ido cikin ido ya ja numfashi. Aikinsa kenan, kuma a nan ya yi wa tsararrakinsa fintinkau.

Liyon, 1991

An ba shi kyaftin yana ɗan shekara 30, bai ma gama ajiye raket ba. Faransa rabonta da Kofin Davis tun 1932. Shi kansa yana cikin waɗanda Amurka ta lallasa 4-1 a wasan ƙarshe na 1982 a Grenoble. Ga shi kuma Amurkar ce ta sake zuwa wasan ƙarshe a Liyon, da Andre Agassi da Pete Sampras, wanda bai daɗe da cin gasar zakarun ƙarshen shekara a Frankfurt ba, da Ken Flach da Robert Seguso, gwanayen wasan bibbiyu. Tsarin a lokacin kwana uku ne: Juma'a wasa biyu na ɗai-ɗai, Asabar na bibbiyu, Lahadi a sauya abokan karawa. Ƙasar da ta fara cin uku ta ɗauki kofi.

Mutum na farko ba gardama a kansa, Guy Forget ne, yana cikin goman farko na duniya kuma ya doke Sampras a gasar Bercy ta Paris makonni kaɗan kafin nan. Rigimar tana kan na biyu. Akwai matashi Fabrice Santoro, mai shekara 18, wanda shi ya ceto Faransa a hannun Ostireliya a Nîmes cikin shekarar. Noah ya ajiye shi, ya ɗauko Henri Leconte, wanda aka yi wa aiki a baya da bazara, ya zube ƙasa da na 150 a jadawali, mutane da yawa sun riga sun shafa fatiha kan wasansa. Ga kuma tsamin da ke tsakaninsa da ƴan kallon Faransa tun ranar da suka yi masa ihu bayan Wilander ya doke shi a wasan ƙarshe na Roland-Garros a 1988.

Wanda ke duba takarda ba zai taɓa yin wannan zaɓi ba. Noah kuwa ya san Leconte ciki da waje. Tare suka ci kofin bibbiyu na Roland-Garros a 1984, kuma Leconte ne ya fitar da shi a gasar ɗai-ɗai ta 1985. Ya san bahagon nan idan kansa ya ɗau zafi ba wanda ba zai iya dokewa ba, ya kuma san abin da ke kunna shi: ya ji an yarda da shi, an dogara da shi. Tun Leconte na jinya ya je ya same shi ya ce ya shirya, yana buƙatarsa. Sannan ya kwashe tawagar zuwa Montreux a Siwizalan, nesa da ƴan jarida, aka yi atisaye mai tsanani.

Ranar Juma'a 29 ga Nuwamba Agassi ya doke Forget. Da Leconte ya faɗi a wasa na biyu, da magana ta ƙare tun ranar farko, da kuma Noah ya sha caccaka har ƙarshen rayuwarsa. Leconte ya shiga ya yi wa Sampras 6-4, 7-5, 6-4. Akwai wani abu da Noah ya hango a nan: wannan ne karon farko da Sampras, mai shekara 20, ya buga wa ƙasarsa a Kofin Davis, bai taɓa shiga zauren da dubban mutane ke ihu kan kowane kuskurensa ba. Washegari Forget da Leconte suka ci na bibbiyu. Ranar Lahadi Forget ya gama da Sampras a turmi huɗu, aka tashi 3-1. Jean Borotra, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kofin na 1932, yana wurin da shekara 93 a duniya.

Wani abin da ake mantawa shi ne Noah bai ɗauki aikin gyaran bugu ya ɗora wa kansa ba. Hagelauer, tsohon malaminsa, yana cikin tawagar yana wannan ɓangaren. Da ya hau kujerar kyaftin karo na uku ma, Cédric Pioline da Loïc Courteau ya jawo kusa da shi. Ya san iyakar abin da ya iya, kuma ina ganin rabin nasararsa daga nan take.

Ya sauka a 1992 bayan Siwizalan ta fitar da su, ya dawo a 1995. A 1996 Italiya ta ci su biyu ba ko ɗaya ranar farko a Nantes, suka farke suka ci uku a jere. Wasan ƙarshe a Malmö ya kai har karawa ta biyar, inda Arnaud Boetsch ya tsinci kansa a bakin rami: sau uku Nicklas Kulti na neman maki ɗaya ya ba Siwidin kofi, sau uku Boetsch na kuɓuta, daga ƙarshe ya ci turmi na biyar 10-8. Da aka gama, Noah ya saɓa Stefan Edberg na Siwidin a kafaɗa ya zagaya fili da shi, don ranar ce Edberg ke bankwana da wasa, kuma rauni a idon sawu ya hana shi buga karawar ƙarshe. A shekarar ce kuma kulob ɗin Paris Saint-Germain ya gayyace shi ya zauna da ƴan wasansa kafin wasan ƙarshe na kofin Turai da Rapid ta Biyana, wanda suka ci 1-0. Mutumin da aka kira ya taimaki ƴan ƙwallon ƙafa, ai ka san ba don iya riƙe raket aka kira shi ba. A 1997 ya ja Mary Pierce da Sandrine Testud da Nathalie Tauziat da Alexandra Fusai suka doke Holan, Faransa ta ɗauki Kofin Fed karo na farko.

Zuwansa na uku, daga ƙarshen 2015, ya fi kowanne jawo ce-ce-ku-ce, kuma masu sukar suna da hujja. Ƴan wasan zamanin kowa na da tawagarsa, da kocinsa, da mai kula da kuɗinsa, ba kowa ke son a tsare shi a sansani ana yi masa huɗuba ba. Tsakaninsa da Gaël Monfils ba ta yi daɗi ba. Kofin 2017 kuma hanya ta buɗe masa: Japan ta zo ba Nishikori, Birtaniya ba Murray, Sabiya ba Djokovic. Duk da haka a wasan ƙarshe da Beljiyam a Lille ya sake yin irin tasa. Ya ajiye Nicolas Mahut, abokin bibbiyun Pierre-Hugues Herbert na yau da kullum, ya haɗa Herbert da Richard Gasquet, waɗanda ba su taɓa buga gasa tare ba. An ga Mahut yana hawaye a wajen buɗe taro. Suka ci, kuma makin nan ne ya raba gardama, tunda David Goffin ya cinye wasanninsa biyu. Lucas Pouille ya rufe da 6-3, 6-1, 6-0 a kan Steve Darcis. Shekara ta gaba, a fili guda, Kuroshiya ta doke su 3-1, zaɓinsa bai yi aiki ba. Hanyar Noah caca ce da ake yi da sanin mutane, kuma ranar da abokin karawa ya fi ka ƙarfi ƙwarai, sanin mutane ba ya cike giɓin.

Idan aka ɗaga kai aka dubi sauran tsofaffin zakaru, abin da ya bayyana a Liyon yana ƙara fitowa. Andy Murray ya ɗauki Lendl a ƙarshen 2011. Lendl ya sha kaye a wasannin ƙarshe huɗu na farko da ya buga a manyan gasa kafin ya ci takwas. Murray ma sai da ya faɗi huɗu. Ba bugu Lendl ya zo koya masa ba, Murray ya riga ya iya. Ya zo ne a matsayin mutumin da ya taɓa kwana da irin wannan ciwon ya kuma warke. Cikin shekara biyu Murray ya ci zinaren Olamfik da US Open a 2012, ya ci Wimbledon a 2013, shekara 77 bayan Fred Perry, ɗan Birtaniya na ƙarshe da ya ci kafin shi. Jimmy Connors kuwa, mai manyan kofuna takwas shi ma, wasa ɗaya tak ya yi da Maria Sharapova a 2013 aka rabu. Murray da kansa ya koma kocin Djokovic a ƙarshen 2024, wata shida ba kofi suka sallami juna. A ɗaya gefen ga Darren Cahill na Ostireliya, wanda bai wuce na 22 a duniya ba lokacin wasansa, amma Lleyton Hewitt da Agassi da Simona Halep da Jannik Sinner duk sun hau matsayi na 1 yana tare da su. Babban gwani sau da yawa bai san yadda yake yin abin da yake yi ba, jikinsa ne ya iya, kuma yakan rasa haƙuri da wanda ya kasa. Wanda ya sha wahala kafin ya iya, shi ya san matakalar ɗaya bayan ɗaya.

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, kowace jiha da tsofaffin ƴan kokawarta take zuwa. Cikin goman da jiha ke kawowa, tsohon da ke zaune bakin fili ya san wanda bai yi barci ba jiya, ya san wanda cikinsa ke ɗurar ruwa idan makaɗa suka kama kirarin abokin karawarsa, ya san wanda sai an zuga shi da wanda sai an kwantar masa da hankali. Kuma masu bin kokawa sun sani sarai, ba lalle wanda ya fi ɗaukar takobi ne ya fi iya wannan zama ba.

Filayen tanis a Yamai ba su da yawa, kuma masu koyarwa a cikinsu da dama da tsintar ƙwallo suka fara suna yara. Wata safiya cikin hunturu na tsaya kallon ɗaya daga cikinsu. Bokiti ne a gefensa cike da ƙwallayen da gashinsu ya suɗe, ƙura ta mayar da su ruwan ƙasa. Wani Alhaji ya kawo ɗansa mai kamar shekara tara, da sabon raket da ya fi ƙarfin hannunsa. Kafin ya bar yaron sai ya tambaya:

"Malam, kai a ina ka buga? Ka taɓa cin kofi a waje?"

"Alhaji, ban taɓa fita ba. Amma ka bar mini shi zuwa bayan salla, ka zo ka dubi ƙafarsa."

Ya karɓe sabon raket ɗin ya jingine, ya ba yaron wani tsoho mara nauyi. Ya tsaya kusa da shi taku uku, yana jefa masa ƙwallo da hannu. Bayan jifa kaɗan ya gano matsalar: yaron na ɗaga kai ya dubi inda yake son ƙwallon ta je tun kafin ya buge ta. Bai yi masa dogon bayani ba. Ya ɗauki alli ya yi ɗigo a jikin ƙwallo ɗaya, ya ce, "Ɗana, duk jifa ka faɗa mini ko ka ga farin." Nan take kan yaron ya tsaya, bugun ya fara zama a tsakiyar igiya.

Tambayar Alhaji ita ce tambayar da hukumomi da iyaye ke yi a ko'ina, kuma ita ke sa a raina irin wannan malami. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023 da na US Open a 2022, ta hau matsayi na 2 a duniya, tare da Issam Jellali, ɗan ƙasarta da bai yi wani suna ba lokacin wasansa. Yankinmu ma ya taɓa fitar da ƙwararru. Nduka Odizor na Najeriya ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, shekarar da Noah ya ci Paris. Yahiya Doumbia na Senegal ya ci gasar Liyon a 1988 da ta Bordeaux a 1995, duka biyun daga wasannin share fage ya taso. Hazaƙa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ke yankewa shi ne sarƙar: ɗan wasa ya gama zamaninsa, ya kama wata sana'a ko ya zauna a waje, abin da ya sani ya tafi da shi.

Noah ya kafa ƙungiyar Fête le Mur a 1996 don kai tanis unguwannin talakawa na Faransa, kuma dabarar da ke cikinta mai sauƙi ce: a samu fili a cikin unguwa, a samu malami da ke zuwa kowane mako, a horar da manyan yaran su zama masu koyar da ƙanana. Wannan ba ya buƙatar zakaran Roland-Garros. Hukumar tanis ta duniya da ta Afirka suna shirya kwasa-kwasan masu horarwa mataki-mataki, da takardar shaida a ƙarshe. Malamin nan mai alli ya cancanci a tura shi, a biya masa, ya dawo da takardar da za ta sa Alhaji ya daina tambayarsa kofi nawa ya ci, a kuma yanka masa albashin da zai hana shi barin fili ya koma kabu-kabu. Ƴan wasanmu da suka wakilci Nijar a gasannin yankin, su ma a neme su tun kafin su kai shekara 30, a tambaye su wa ke son koyarwa, a fara shirya su suna kan wasa.